Is'haƙu Abarbanel da Mas'alar Sarauta: Nazari a kan Sharhin Wani Malamin Yahudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, shekarar 1492 Miladiyya, wadda ta zo daidai da 897 Hijiriyya, sananniya ce ga ɗaliban tarihin Musulunci. A farkonta Garnaɗa ta faɗa hannun Fardinan da Izabela, daular Musulunci ta ƙarshe a Andalus ta ƙare. A wannan tsakani ne kuma Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya yi jayayyarsa da alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, game da wurin ibadar Yahudawa a Tamanɗiɗ, kafin ya biyo hanyar da ta kawo shi Kano da Katsina, inda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiharsa kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Abin da ba kasafai muke karantarwa ba shi ne cewa a ranar 31 ga Maris na wannan shekara aka sa hannu a kan dokar korar Yahudawa daga Sifaniya, kuma cikin waɗanda suka hau jirgin ruwa daga Balansiya akwai wani dattijo mai shekara hamsin da biyar da ya riga ya rubuta ɗaya daga cikin maganganu mafi kaifi da aka taɓa yi kan sarauta a adabin addininsa. Sunansa Is'haƙu ɗan Yahuza Abarbanel. Wannan maƙala za ta duba sharhinsa a kan wannan mas'ala, ta auna hujjojinsa, ta kuma jera su da abin da malamanmu na Sakkwato suka faɗa.

Halaccin irin wannan karatu ba sabuwar muhawara ba ce. Hadisin Bukhari ya yi izinin ruwaito labari daga Banu Isra'ila, kuma Ibn Taimiyya a Muƙaddimarsa ta usulut tafsir ya kasa Isra'iliyyat gida uku: abin da shari'armu ta gaskata, da abin da ta ƙaryata, da abin da ta yi shiru a kansa. A zamanin Abarbanel ɗin kansa, Burhanuddin al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 Hijiriyya, ya ciro nassoshin Attaura da Linjila a tafsirinsa Nazmud Durar, al-Sakhawi ya yi masa raddi, shi kuma ya kare kansa da littafin al-Aƙwalul Ƙawima. Abin da muke yi a nan ya fi na al-Biƙa'i sauƙi, domin ba tafsirin Alƙur'ani muke yi da maganar Abarbanel ba. Muna duba yadda wani mai hankali daga Ahlul Kitabi ya yi aiki da nassinsa ne a kan tambayar da mu ma ta dame mu.

Rayuwarsa

An haife shi a Lizbon a 1437, a gidan dukiya da kusanci da fada. Ya yi karatun Attaura da Talmud da falsafa, ya kuma iya Latin, abin da ya buɗe masa littattafan malaman Kirista da na Rumawan dauri. Yahudawa na kiransa rabbi saboda iliminsa, amma sana'arsa kasuwanci ce da riƙon baitulmalin sarakuna. Ya yi wa Sarki Afonso na Biyar na Fotugal hidima. Lokacin da Fotugal ta ci garin Asila na Maroko a 1471 aka kwashi mutanensa bayi, shi ne ya jagoranci tara kuɗin fansar Yahudawan da ke cikinsu, kimanin mutum 250.

Afonso ya mutu a 1481. Magajinsa, Juwan na Biyu, ya kafa wa manyan fadawa ƙahon zuƙa, ya sa aka fille kan hakimin Baraganza a 1483 bisa zargin cin amana. Abarbanel aminin wannan gida ne, sai ya tsere zuwa Kastila, aka ƙwace dukiyarsa. A wannan hali na gudun hijira, cikin abin da bai kai wata biyar ba, tsakanin ƙarshen 1483 da farkon 1484, ya rubuta sharhin littattafan Yusha'u da Alƙalai da Shamwilu. Mai karatu ya riƙe wannan kwanan wata, domin a sharhin Shamwilu ne ya fara sukar sarauta, raunin da sarki ya yi masa bai ko warke ba.

Bai daɗe ba ya sake komawa fada, wannan karon ta Fardinan da Izabela, yana karɓar musu haraji, har ya ranta musu kuɗin da aka yi amfani da su a yaƙin Garnaɗa. Musulmi ba zai karanta wannan ba tare da ɗaci ba. Shi ma bai ci ribarsa ba, don wata uku bayan faɗuwar garin aka juyo kan mutanensa. Ya yi ƙoƙarin a soke dokar da roƙo da tayin dukiya, abin ya faskara. Ya ƙi karɓar Kiristanci kamar yadda wasu manyan Yahudawan fada suka yi, ya tafi Nabuli. Faransa ta mamaye Nabuli a 1495, ya sake gudu zuwa Siƙilliya, daga nan Korfu, daga nan Monoboli, inda ya kammala sharhin littafi na biyar na Attaura a 1496. A 1503 ya zauna a Benis, wadda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, a nan ya rubuta sharhin sauran littattafan Attaura.

Salon sharhinsa

Hanyarsa ita ce ya ɗauki sashe guda na nassi, ya jero tambayoyi da ishkalai a farkonsa, wani lokaci su haura goma, sannan ya yi bayani mai tsawo wanda a cikinsa amsoshin ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba da Mafatihul Gaibi na Fakhruddin al-Razi ba zai ji baƙunta ba. Har aibin ma iri ɗaya ne: tambayar takan fi amsar ƙarfi, kuma tsawon magana kan gajiyar da mai karatu. Bai damu da nahawu da lugga kamar Ibn Ezra ba. Hankalinsa na kan tsarin ƙissa, da dalilin jerin ayoyi, da halayen mutanen da ke cikin labari. A nan ne zamansa a fada ya amfane shi: idan yana bayanin makircin fadawan Dawuda ko tawayen ɗansa, yana magana ne kamar wanda ya ga irinsa da idonsa.

Yana ambaton malaman Kirista irin su Jerom da Agustin da Nikolas na Lira, wani lokaci ya rinjayar da ra'ayinsu a kan na mutanensa. Ya san Ibn Sina da Ibn Rushd da Imam al-Gazali ta hanyar fassarar Ibrananci, kuma a mas'alar faruwar duniya yana tare da masu cewa fararriya ce, yana adawa da masu bin Arisɗo. Sai dai amanar naƙali ba ta cika a wurinsa ba. Mayir Arama ya zarge shi da kwasar maganganun mahaifinsa, Is'haƙu Arama, ba tare da jingina su gare shi ba, kuma masu bincike na baya sun nuna yadda ya amfana da sharhin malamin Kiristan nan Alfonso Tostado fiye da yadda ya bayyana.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata ɗalibanmu na kwatanta addinai su yi hattara. A gabatarwar sharhin Yusha'u ya saɓa wa Talmud, ya ce Yusha'u ba shi ya rubuta littafin da ke ɗauke da sunansa ba, saboda littafin na yawan cewa abu kaza na nan har zuwa yau, lafazin da ke nuna an daɗe da faruwar abin. Ya jingina shi ga Shamwilu, ya ce littafin Shamwilu kuma Irmiya ne ya tattara shi daga rubuce-rubucen da suka gabata. Wannan ya yi kama da hanyar Ibn Hazm a al-Fisal, kuma mai gaggawa zai ce ga shaida daga cikin gida a kan canza littafi. Amma Abarbanel ya sauya sunan annabi ne da sunan wani annabi, kuma game da Attaura kanta ya tsaya tsayin daka cewa duka wahayi ce ga Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Duk wanda ya kafa hujja da shi, ya faɗi iyakar abin da ya ce.

Hujjarsa a kan sarauta

Nassi biyu ne suke karo a wurin malaman Yahudu. A babi na 17 na Maimaitawar Shari'a, wanda ake kira Sifrut Tasniya da Larabci, an yi maganar naɗa sarki bayan shiga ƙasa, tare da sharuɗɗa: kada ya tara dawakai da mata da azurfa da zinariya, kuma ya riƙe kwafin Attaura yana karantawa. A babi na 8 na littafin Shamwilu na farko kuwa, da mutane suka nemi sarki, annabin ya ji haushi, aka kuma ɗauki buƙatar tasu a matsayin ƙin mulkin Allah. Musa bin Maimun, mai Dalalatul Ha'irin, ya yanke cewa naɗa sarki umarni ne na wajibi, laifin mutanen Shamwilu kuwa mugun nufi ne da neman rabuwa da annabinsu. Wannan shi ne ra'ayin da ya rinjaya.

Abarbanel, duk da girmamawar da yake yi wa Ibn Maimun, ya ƙi wannan. A wurinsa nassin farko labari ne na abin da mutane za su nema saboda kwaikwayon al'ummun da ke kewaye da su, sannan rangwame ne ga raunin ɗan Adam. Wajibin da ke ciki bai wuce sharuɗɗan ba: in har kun nace, to ga irin wanda za ku naɗa. Da yarenmu na usul, ya ɗauki sigar umarni a kan halasci saboda ƙarinar da ta gabace ta. Wannan karatu mai ƙarfi ne, domin ya warware karon nassoshin biyu ba tare da ƙirƙiro wa mutanen Shamwilu wata niyya da nassi bai ambata ba. A nan nake ganin ya fi Ibn Maimun kusa da zahirin lafazi.

Daga nan ya wuce nassi zuwa hankali. Ya tambaya: shin dole ne al'umma ta samu sarki? Ya amsa da cewa ba abin da ya hana shugabanni su kasance da yawa suna shawara, wa'adinsu ya kasance ƙayyadadde, ikonsu kuma ya kasance a ƙarƙashin doka. Wanda ya san zai sauka a bincike shi, in ji shi, zai ji tsoron zalunci, kuma kuskuren mutum ɗaya ya fi kuskuren jama'a saurin aukuwa. Ya kawo Rum, wadda ta bunƙasa a hannun zaɓaɓɓun shugabanni ta kuma lalace a hannun Ƙaisarori. Ya kawo biranen Italiya na zamaninsa da ba su da sarki, irin su Benis da Fulorans da Jenowa. Game da Banu Isra'ila ya ce buƙatar ma ba ta taso ba: doka ta zo daga Allah, alƙalai na hukunci da ita, nasarar yaƙi kuma daga Allah take. Tarihin sarakunansu, daga Yarobowam zuwa ƙasa, tarihi ne na jan mutane zuwa bautar gumaka har aka kai su ga bauta a ƙasar wasu.

Ɓangaren nan na biyu ya fi na farko rauni. Misalansa zaɓaɓɓu ne. Lokacin da yake rubutu a 1484, Fulorans jamhuriya ce a suna, amma Lorenzo na gidan Medici ke juya ta. Babbar majalisar Benis kuwa tun 1297 aka fara rufe ƙofarta, zama a cikinta ya koma gadon wasu gidaje. Wato gadon da ya tsana a gidan sarki ɗaya ya karɓe shi a gidaje masu yawa. Bai kuma yi bayanin Daular Usmaniyya ba, wadda ta ci Ƙusɗanɗiniyya a 1453 a hannun sarki guda mai cikakken iko, kuma ita ce ta buɗe ƙofa ga dubban korarrun mutanensa. Ya yabi Benis kafin ya taɓa zama a cikinta. Da ya zauna kuma, sai ya koma babi na 18 na littafin Fitowa, inda surukin Annabi Musa ya ba shi shawarar naɗa shugabannin dubu da na ɗari da na hamsin da na goma, ya fassara waɗannan da majalisu masu yawan mambobi daban-daban, ya daidaita su da majalisun Benis har zuwa Majalisar Goma. Wannan ɗora wa nassi kaya ne. Mu ma muna da masu yin haka da ayar shura, su tsamo daga cikinta kowane sashe na tsarin mulkin da suka fi so, kuma hukuncin duka ɗaya ne.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙarshen maganarsa. Bayan duk wannan suka, ya yanke cewa bai halasta ga talakawa su yi wa sarki tawaye ko su tsige shi ba, ko da azzalumi ne. Dalilinsa shi ne alƙawarin biyayya da aka yi wa sarki ba shi da sharaɗi, kuma a Banu Isra'ila Allah ne ke zaɓen sarki, wanda bai naɗa ba kuwa ba ya tuɓewa. Wasu na ganin wannan kariyar kai ce daga mutumin da aka zarga da cin amanar sarki. Ko da hakan na ciki, matsayin yana da tsari: sarauta ciwo ne da bai kamata a jawo shi ba, in an jawo shi kuma sai haƙuri. Sai dai ya bar mai karatu da ganewar cuta ba tare da magani ba, kuma shi kansa ya yi wa sarakuna hidima a ƙasa uku.

Inda muka haɗu da inda muka rabu

Ƙissar da Abarbanel ya gina hujjarsa a kanta tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa 251, kuma mafassara da yawa sun ce annabin da ba a ambaci sunansa ba Shamwilu ne. Amma Alƙur'ani bai zargi mutanen da neman sarki ba. Ya zarge su da juya baya lokacin da aka wajabta yaƙi, da raina Ɗalutu saboda rashin dukiya, aka kuma amsa musu da cewa Allah Ya zaɓe shi Ya ƙara masa yalwar ilimi da jiki. A Suratul Ma'ida aya ta 20 an lissafa mulki cikin ni'imomin da aka yi musu. Ɓarnar sarakuna idan sun shiga gari ta zo a Suratun Namli aya ta 34, a bakin sarauniyar Saba. Don haka tushen da ya tsaya a kai babu shi a wurinmu. Naɗa shugaba wajibi ne da ijma'i, kuma al-Ƙurɗubi a tafsirin aya ta 30 ta Baƙara ya ambaci al-Asamm a matsayin wanda ya fanɗare. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tabbatar da wannan wajibci a Bayanu Wujubil Hijra.

Amma wajibcin imami daban, halascin mulukiyya daban, kuma a wannan gaɓa ce muryar Abarbanel ke kama da wata murya da muka sani. Hadisin Safina ya bambanta halifanci na shekara talatin da mulkin da zai biyo baya, Ibn Khaldun ya gina babi a kan yadda na farko ke rikiɗa ya zama na biyu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya bar rundunar jihadi da nufin tafiya Makka saboda abin da ya gani na son duniya, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a wajajen 1221 Hijiriyya. Damuwarsa ita ce kada imamanci ya koma sarautar gado da rinjaye, har ya ƙyamaci laƙabin sarauta da adonta, abin da ya jawo musayar rubutu tsakaninsa da Shehu, wanda ya fi shi sassauci a waɗannan mas'aloli. Shehu kansa a Kitabul Farƙ ya lissafa gadon mulki ba tare da shawara ba cikin alamomin mulkin da ya yaƙa.

Bambancin shi ne Malam Abdullahi yana da ma'aunin da Abarbanel ya rasa. A fiƙihunmu mubaya'a ƙulli ne mai sharuɗɗa, biyayya tana cikin abin da yake ma'arufi, kuma akwai ma'abota warwarewa da ƙullawa. Malaman Sunna sun hana fito-na-fito da azzalumin shugaba saboda gudun fitinar da ta fi zaluncinsa, wato dalilin maslaha ne da ake aunawa. Abarbanel ya hana shi ne saboda alƙawarin ba shi da sharaɗi tun asali. Sakamakon kan yi kama a aikace, amma na farko ya bar ƙofar nasiha da hisabi da tsigewa a buɗe. A ɗaya ɓangaren, dole a ba shi haƙƙinsa: ya yi tunani a kan ƙayyade wa'adi da binciken shugaba bayan saukarsa da zurfin da ba a cika samu a littattafan ahkamus sulɗaniyya ba, waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga siffofin shugaba fiye da hanyoyin taka masa birki. Ɗalibin siyasar shari'a zai amfana da tambayarsa ko da ya ƙi amsarsa.

Lissafin ƙarshen zamani

Tsakanin 1496 da 1498 ya rubuta littattafai uku kan zuwan Almasihun da Yahudawa ke jira, na farkonsu sharhi ne a kan littafin Daniyel. Ya yi hasashen babban yaƙi tsakanin Kirista da Musulmi a kan Ƙudus, ya kuma nuna shekarar 1503 a matsayin lokacin fansa. Ana iya fahimtar abin da ya kai shi: yana rubuta wa mutanen da suka rasa gida da dukiya da 'ya'ya, wasunsu na barin addini saboda yanke ƙauna. Amma a nan mai sharhin da ya iya tuhumar Talmud a kan marubucin Yusha'u ya zama mai tanƙwara lambobi. A 898 Hijiriyya Imam al-Suyuɗi ya rubuta al-Kashf don kwantar da hankalin masu cewa duniya ba za ta wuce shekara dubu ba, kuma lissafe-lissafen irin wannan sun iso ƙasar Hausa, har Shehu ya rubuta Tahzirul Ikhwan yana kore wa kansa da'awar Mahadiyya.

Shekarar 1503 ta zo ta same shi a Benis yana shiga tsakanin jamhuriyar da Fotugal a kan cinikin kayan yaji. Ya rasu a can a 1508, aka kai gawarsa Faduwa aka binne. Shekara guda bayan haka yaƙi ya rushe maƙabartar, kabarinsa ya ɓata. A 1516 majalisar dattawan Benis, garin da ya kafa misali da adalcinsa, ta zartar da dokar tattara Yahudawan birnin a unguwa guda da ake kulle ƙofofinta da dare.